Ƙidayar Kumfa

Asuba ta yi a Gamkalle.
Kafin in ɗora shayi, kafin in nemi takalmi,
nakan durƙusa gaban akwatin gilas
in ƙirga kumfa.
Ɗaya. Ɗaya. Ɗaya.
Guda a daƙiƙa biyu, kada ta gota.

Tukunyar kashe gobara ce, ja, da tabon tsatsa a wuya,
a Katako na same ta, jikka bakwai bayan mun sha ciniki.
Ni mai walda ne, na san halin iska idan an matse ta.
Na ɗaura mata agogo biyu da siririyar tiyo,
na ce mata: yi magana, amma da raɗa.

Iskar nan da huhu ke kora waje
kamar baƙon da ya wuce kwanakinsa,
ita ce tuwon ganyen da ke ƙasan ruwa.
Abin da ni na zubar, shi wani ke jira.

A jikin gilas akwai ƴar ƙwarya mai ɗigon magani
wadda ba ta iya ƙarya ba.
In ta yi shuɗi, ganye na kwana da yunwa.
In ta yi kore, sai in tafi aiki.
Launi na uku kuwa, na ɗorawa,
sau ɗaya na gan shi, ya ishe ni.

Ruwan ma da halinsa.
Na pompo daga Isa yake zuwa, mai laushi, mai saurin fushi,
iska kaɗan ta shige shi sai ya yi tsami.
Nakan bar shi ya kwana a bokiti, warin jabel ya fita.
Na rijiyar Alzuma nauyi gare shi,
shi ke barin farin gari a bakin buta,
ka hura masa iska yini guda, ko gezau.
Sai na haɗa su aure, uku da ɗaya,
da kanwa ƴar mitsitsiya a kan tsinin wuƙa.

Daren Afrilu ne, zafi ya hana bango numfashi.
Wuta ta ɗauke tun la'asar,
fitilar akwati ta mutu, injin tace ruwa ya yi shiru,
ni kuma na ja tabarma tsakar gida
ban murɗe bakin tukunya ba.
Ganye ba ya ci a duhu. Na san haka. Na manta.
Ita kuwa kumfa ba ta san dare ba,
ta yi ta tafiya, ɗaya, ɗaya.

Furera ce ta tashe ni da tocila a hannu:
Baba, kifin duk sun hau sama suna haki.
Na kwashe rabin ruwan da kwanon sha,
na yi ta sheƙa sabo daga sama har aka kira salla.
Uku ba su jira ni ba,
har da mai jan wutsiya da ta sa wa suna Kwamanda.
Ta binne su gindin lemu, ta ƙi kallona har azahar.

Mahaifina a Adar yatsa yake cusawa cikin ƙasa
ya gane ko ruwan jiya ya kai a yi shuka.
Da ya ga wannan gonar, da ya yi dariya:
ɗansa na noma a ƙarƙashin ruwa, ba gero, ba wake.
Zalika ma takan ce kuɗin gas ɗin nan da ya sai kifin miya.

Amma ku zo da yamma, in wuta ta yi mutunci.
Sa'a shida da haske, sai ganyen ya fara biyan bashi:
ƙananan duwatsun azurfa a gefen kowane kunne,
su kumbura, su saki, su hau.
Kifi ya ratsa tsakaninsu bai ko kula ba.

Yanzu Furera ce ke murɗe tukunya kafin magariba.
Ba ta yarda da ni ba tukuna.
Takan murɗe, ta sa kunne a jikin tiyo,
ta sake murɗewa.